Ƙwan Nomau

A Gummi, bayan ajin ƙanana,
cikin tsohuwar randa mai fasasshen baki,
kazar maigadi ta hau kwanci
a makon da hadari ya fara leƙe
yana wucewa bai zubar ba.

Na ce, yara, ga darasi ya zo da ƙafarsa.
Kowa ya ɗauki gawayi
ya yi wa ƙwai guda shaida.
Ige ta zana jinjirin wata.
Cindo ya ja layi shida, adadin yatsunsa.
Tumba ta ɗiga ɗigo, ta lashe sauran gawayin.
Nomau da nasa ya zo daga gida, cikin hula,
ɗan ƙarami, mai tsini, bawonsa kamar dutse.
Na gane shi. Na yi shiru.

Gwangwanin madara muka samu.
Kowace safiya bayan gaisuwa
ƙwallon tsamiya ya faɗa ciki, ƙwal,
ran Litinin uku, bashin Asabar da Lahadi.
Haka suka san bakwai,
haka suka san goma sha huɗu,
ba a allo ba, a jira.

Hannu kuwa bai zauna ba.
Mun kwaɓa yumɓun bakin gulbi
mun gina 'yan tsaki:
baki ƙayar aduwa, ƙafa tsinken tsintsiya.
Na Tumba ya fi kama da kwaɗo,
ta ce ai bai gama zama ba ne.
Mun yi tseren ludayi da goruba a ciki,
ƙwai ya yi tsadar da ba a ba ƙasa.
Mun rufe taga, na haska tocila a bayan ɗaya,
suka ga jijiyoyi ja kamar saiwar gero
da wata inuwa tana juyi.
Ajin da bai taɓa yin shiru ba ya yi.

Na ce, ƙulun-ƙulufit, ɗakin saurayi babu ƙofa.
Ige ba ta ba ni gari ba, tambaya ta ba ni:
Malama, to ta ina zai fito?
Na ce shi zai sassaƙa ƙofarsa.

Ran ashirin da ɗaya ƙofofi suka buɗe.
Jiƙaƙƙu suka fito, munana,
kafin hantsi sun zama auduga mai tafiya.
Maigadi ya shafa musu jar galura
don shirwa ta ɗauka wani abu ne.
Washegari uwar ta karkaɗe jiki, ta ja zuga ta bar randa.

Saura ɗaya.

Baragurbi, in ji Cindo.
Baragurbi, in ji aji duka, har da tafi.
Nomau bai yi kuka ba.
Ya mayar da shi hula, ya tura cikin riga,
muka tsallaka gidan Inna Delu mai awara
inda wata baƙar kaza ke kwanci.
Ta sare ni sau biyu kafin ta karɓa.

Sauran sun koma bin 'yan tsakinsu da tsaki.
Shi kaɗai ke zuwa wurin gwangwani.
Ashirin da biyar. Ƙwal.
Ashirin da shida.
Ni kaina na fara shirya
abin da ake faɗa wa yaro
in abu ya ƙi.

Daren ashirin da bakwai aka yi ruwan farko.
Da safe gari na ƙamshin ƙasa, shinge na tashi,
ga Nomau a guje, takalmi ɗaya,
tafin hannu biyu a haɗe.
Ya buɗe kaɗan.
Kai mai zane-zane, ƙafafu ja,
ido kamar ya riga ya san daji.

Wannan ba kaza ba ne, in ji Tumba.
Na zabuwar kakata ne, in ji shi,
su ba su sauri.

Ɗan zabon ya zille ta tsakanin yatsu
ya bi ƙarƙashin benci,
yara goma sha tara a bayansa.
Na tsaya riƙe da gwangwani.
Ban kaɗa ƙararrawa ba.