Takardar Haihuwar Ƙarfe

Ranar Alhamis, kasuwar Dole ta cika ta batse,
sai ga Lawali na duwan a bakin rumfata,
takarda a hannu, biro a bayan kunne.
Ya ce: Tankari, daga yau kowane ƙarfe
sai ya faɗi sunan ƙasar da ta haife shi.
Na ce: zauna ka sha shayi,
ƙarfen nan kurma ne, ni ma tambayarsa nake.

Ga fatar birki.
Kwalinta ya ce Japan, da jan rubutu.
Ledar ciki ta ce Dubai.
Wanda ya sayar mini a Kano ya rantse da Jamus,
direban da ya biyo da ita ta Magarya
ya ce shi dai buhu ya gani.
Uwa huɗu, ɗiya ɗaya.
Wace zan rubuta maka?

Babana bai shiga lakwal ba.
Sai ya saki ƙarfe kan falalen dutse,
ya karkata kai, ya rufe ido.
Na kirki, in ji shi, kukansa dogo ne,
yana tafiya har ya tsallake lungu.
Na banza kuwa ƙwas! ya yi shiru,
kamar ƙwaryar da ta tsage.
Kunnensa ne hatiminsa.
Da kunnen aka binne shi,
ni rumfa ya bar mini, da littafin bashi.

Bayan tasha akwai wani yaro, Sha'aibu,
mai injin buga takarda.
Dala biyar ya ba ka Italiya,
dala goma, Jamus mai ƙyalli da gam a baya.
Ƙasashe ne cike da aljihunsa kamar alawa.
Na sha dariyar abin.
Na ma taɓa saye, kada in yi maka ƙarya.

Sai Ma'azu.
Hiyas ɗinsa, mutum goma sha takwas da buhunan wake,
hanyar Takeita, saniya ta faɗo titi,
ya taka birki, birki ya ce ban san ka ba.
Allah ya tsare rayuka.
Ƙafarsa ta hagu ce ta biya kuɗin.
Daga wannan kanta fatar ta fita,
wannan da ka jingina a kai,
kwalinta na ƙyalli.
Kullum da safe yana wucewa da sandarsa,
ya ce: Tankari, ina kwana, ina gida?
Da zagina yake da na fi samun barci.

Shi ya sa ban kori takardarka ba.
Daren jiya na kunna fitila, na zazzage rumfa.
Abin da na sani na rubuta.
Na Sin na ce Sin, ba kunya,
yana aikin kuɗinsa, ba ya alkawarin shekara goma.
Wannan dinamo na ce: an ciro daga gawar fijo
a Garin Malam, shekarar da famfo ya yi wata uku bai zo ba.
Sauran kuwa, tsibi har ƙirjina,
na yanko kwali, na rubuta da manyan baƙaƙe:
BAN SANI BA.

Lawali ya duba sama, ya duba ƙasa,
ya ce: babu wannan ƙasar cikin jerina.
Na ce: ai ta fi duka girma.
Rabin motocin da ke hawa Tanut da Agadas
'ya'yanta ne a cikinsu suke juyawa.

Ya ciro biro, ya mayar.
Ya ɗauki kusa ɗaya daga tsibin
ya sake ta kan dutsen babana.
Muka karkata kai, mu biyu.
Shayi ya huce.
Ba wanda ya iya fassara abin da ta ce.