Akwati Biyu a Zuru

Manga mai gyaran rediyo ya sha yi mini wa'azi
a rumfarsa ta bakin tasha:
"Sifika sai da 'yar'uwarta, Ɗantani,
uwa ɗaya uba ɗaya.
In ka haɗa bare da bare,
wannan na tura iska, waccan na janyewa,
sai amon ya cinye kansa."

Na san gaskiyarsa.
Amma babban akwatin na yayana ne,
baki guda, inci goma sha biyar,
ya tafi ya bar shi da tabon ruwan sama a gefe.
Ƙaramin kuwa, mai baki huɗu,
dawata ce, buhu uku.

Na ɗora ƙarami bisa babba,
jar waya ga ja, baƙa ga baƙa,
na taɓa tsirkiyar bes mafi kauri.
Babba ya yi gurnani har kwanon coci ya amsa,
ƙarami na biye da shi da tsiwa.

Akwai wuri guda a wuyan jitar
inda murya kan dushe, ta maƙale.
Manga ya ce rami ne.
Ni dai ba na tsallake shi.
Nan nake jin yaya yana gyaran murya.