Sittin da Arba'in

Dusar ƙanƙara ta rufe titin Livernois,
motocin Detroit sun lafe a bakin hanya,
amma a shagon askin Cleophus fitila na ci,
gardama ta fi hita ɗumama ɗaki.

Ni gyaran gemu kawai na zo.
Awa biyu ke nan, rabin fuskata kumfa.

A talabijin ɗin da ke saman madubi
Pettiway ya zare tabarau, ya nuna kyamara da yatsa:
wai Dombrowski buhun dankali ne mai ƙafafu,
wai a zagaye na uku zai kwantar da shi,
ya ja masa bargo, ya kashe masa fitila.

Orville ya bugi cinya, dariya har da tari.
"Ka ji maza! Ba a ɗaura safa ba an ci rabin faɗa.
Naushin farko ai a kunne yake sauka."

"Baki ne," in ji Thaddeus, tsohon direban bas.
"Ganga in ta cika zaƙi, fashewa za ta yi.
Wata takwas yana kuri, ina sa hannun?
An miƙa masa takarda, alƙalami ya gagare shi ɗauka,
shi da ke ajin masu nauyi!"

"Shi ke da kambu, ka ce a ba shi arba'in?"
"Wancan ke cika zaure, don shi ake sayen tikiti."
"To a raba daidai." "Daidai? Ana raba daidai da zaki?"
Sai batun wa zai fara shiga fage,
sunan wa za a rubuta a sama,
ƙafa ashirin ne faɗin dandalin ko sha takwas,
in an kayar da mai kambu, a sake ko kar a sake.
Lauyoyi uku a ɗaki ɗaya,
babu wanda ya taɓa leƙa makarantar lauya.

Miliyoyi na zuba a ƙasa kamar gashin da aka aske,
kowa na sharewa ɓangaren gwaninsa.

Can kusa da ƙofa, inda sanyi ke shigowa,
Lucius na zaune, kunnensa a murɗe,
kofin shayi na rawa a hannunsa.
Ba ya sa baki. Yau ya sa.

"Ni ma na zagi wani ranar awon nauyi, a Toledo.
Har uwarsa na ambata, aka tafa mini.
Da dare ya karya mini haƙarƙari biyu.
Dala ɗari huɗu aka ce, ɗari da tamanin na gani.
Da safe na same shi a tasha, idonsa ɗaya a rufe,
shi ya cika mini kuɗin bas.
Sunansa ya ɓace mini.
Zagin kuwa yana nan, kalma bayan kalma."

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar hita.
A allo Pettiway na ta buɗe baki,
wani ya riga ya kashe masa murya.

Orville ya yi gyaran murya: "Duk da haka dai, sittin..."

Cleophus ya ajiye aska, ya jawo aljihun tebur,
ya fito da littafin nan mai baƙin bango.
"Tunda yau ranar sasantawa ce:
Orville, aski huɗu. Thaddeus, tun watan Satumba.
Ban nemi sittin ba, ku kawo arba'in ɗin."

Nan take aka tuna dare ya yi,
aka shiga neman hula da safar sanyi.
Ƙararrawar ƙofa ta buga sau biyu,
ba wanda ya jira a ƙirga masa goma.

Lucius ya kurɓi shayinsa da ya huce.
Kumfa ta bushe a kumatuna,
Cleophus ya sake jiƙa buroshi,
ya sunkuyo daidai kunnena:
"Tsakaninmu, Dombrowski zai kai shi ƙasa a na bakwai.
In sun sa hannu."