Albasar Kwaɗi

Ranar da Rifkatu za ta tashi daga Tudun Wada
ta bar mini turmi, ta bar mini bashin gishiri,
sai ta zaga bayan ɗaki da guntun cokali
ta tono wani abu mai kama da albasa.

"Tabawa, riƙe. Ba ta miya ba ce, kar ki kuskura.
Zurfin yatsu uku, kai sama, gindi ƙasa."
Direba na ta hon, ko sallamar kirki ba mu yi ba.
Suka haye gada. Barnawa ta yi mini nisa.

Na sa ta a tsohon bokitin fenti
wanda Malam ya huhhuda da ƙusa.
Yashin kogi kwano biyu, kashin awaki, ɗan toka,
na rufe, na danna da tafin hannu, na tausa.

Wata biyar ba ta ce mini uffan ba.
Kaza ta tone, na mayar.
Gara ta zagayo, ta shinshina, ta fasa.
Maƙwabciya ta leƙo ta katanga:
"Gaɗali ne? Wa za a mallake?"
Na ce ruwan sama nake son mallaka, na kasa.

Sai daren da hadari ya taso ta Kawo,
aka ɗauke wuta, kwanon ɗaki ya kama kiɗa,
kwaɗi suka buɗe makaranta a cikin kwata.
Bayan mako na fito da buta da asuba,
ga fure fari fat a bakin bokiti
ya sunkuyar da kai yana gai da ƙasa.

Kwana biyu ya yi. Biyu rak.
Na ce, duk jiran nan?
Malam ya ce, "Albashina na masaƙa a Kakuri
bai taɓa fin haka daɗewa a aljihu ba,
amma ban taɓa ƙin zuwa in amsa."

Damina ta uku bokiti ya tsage.
Na kife shi kan buhu, na karkaɗe:
uwa ɗaya, 'ya'ya bakwai sun manne mata,
kowa na tura ɗan'uwansa.
Nan ba a sa wuƙa.
Babban yatsa ake kaiwa tsakani, a lallaba,
sai ki ji ƙas,
kowa ya fita da 'yar saiwarsa.
Ba a kuma jiran ganye ya bushe,
tun yana kore, tun da laima, ake dasa.

Biyu na kafa a bakin rariya.
Ɗaya na miƙa ta katanga wa mai zancen gaɗali,
ta karɓa da sauri, ba ta musa.
Ɗaya ta bi Lantana ɗakinta a Rigasa.

Ukun da suka rage na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma,
na hau keke, na sauka, na sake hawa,
kogi ya cika ya yi ja a ƙarƙashinmu.
Layi huɗu na bi ina tambaya
kafin wani mai faci ya nuna da leɓe, na ƙarasa.

Ta yi furfura. Ta dube ni, ta dubi tsumman.
"Tawa ta mutu," ta ce. "Mai gida ya malale ko'ina da siminti,
bai bar mini ko tafin hannu na ƙasa."

Muka samo gwangwanin madara, muka huda gindi.
Ta shiga ɗaki ta fito da guntun cokalin nan.
Na fara gaya mata zurfin yatsu uku,
ta ce, "Ni za ki koya wa?"
Na ce to, gishirina fa?
Ta yi dariya har ta zauna dirshan,
hannu duk laka, tana tura ƙasa gefen albasa.