Gadar Ruwa a Marple

Likita ya ce in riƙa tattaki,
sabuwar gwiwa ba ta son zama.
Shi ya sa Asabar ta same ni a Marple,
ni da sandata,
a turbar da aka share wa dawakin jan jirgi.

Kaka ce, amma ba irin tamu ba.
Babu dami, babu sussuka,
itatuwa ne kawai ke sauke kaya:
wani ganyen ja kamar an tsoma shi a manja,
wani ya riga ya ruɓe,
yana bin tafin takalmina.

Ruwan nan haƙa masa hanya aka yi.
Ba ya gudu, ba ya fushi,
yana kwance kamar shayin da aka manta a kofi.
Agwagi biyu suka tsaga shi,
ya koma ya ɗinke.
Wani siririn jirgi kore na tafe da hayaƙinsa,
tsohuwa a baya tana tuƙi da hannu ɗaya.
Ni mai ɗingishi har na wuce shi.

Sai ƙasa ta ƙare, ruwa bai ƙare ba.
An aza shi a kafaɗar dutse,
baka uku na ɗauke da shi.
Na leƙa, cikina ya ɗuri ruwa.
Can ƙasa kogin Goyt na ta surutu,
na sama ya yi gum.
Shekara ɗari biyu da ɗoriya suna maƙwabtaka,
ko sannu ba su taɓa yi wa juna ba.

Da Baffa Jatau na raye,
shi da ya ƙare kwanansa a haƙar rijiya,
da na ba shi labari, ya ce:
"Ladidi, ruwa gangare ya sani,
je ki nemi wanda za ki ruɗa."

Amma a kusurwar wata gada, kafin nan,
na ga inda igiya ta ci dutse,
zane-zane masu zurfi, sumul.
Na sa yatsa.
Irin na bakin rijiyar gidanmu ne sak,
inda igiyar guga ta cinye gungumen.
Wannan kam da bai musa ba.

Jirgin ƙasa ya ratsa doguwar gadar da ke gefe,
ba wanda ya waiwayo ta taga.
Gwiwa ta ce ya isa.
Ga tafiyar komawa ban fara ba,
ga yayyafi ya soma,
ruwa na uku,
kuma laimata na cikin mota.