Ɗinki Sai An Gwada

A bakin dam ɗin Kubanni nake zaune,
la'asar ta yi sanyi, ƙafata cikin ruwa.
Jikana Barau ya saki jirgin takarda,
ya ce, Kaka, wai teku ta fi nan girma?
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Shekara talatin da huɗu ke nan.
Ina ɗinkin tamfol a Legas,
wani likita, Oyelaran, ya kawo mini zanen jirgi,
fari, mai tauri kamar ƙirgi,
ya yage kamu biyu daga kusurwa.
Allura uku na karya a kansa.
Ya biya ni, ya ce, Tanimu,
ɗinki sai an gwada. Gobe ka zo.

Na zo da asuba, goro a aljihu, addu'a a baki.
Jirgin bai fi zauren gidanmu tsawo ba.
Gado biyu a ciki, da risho,
da buta da aka ɗaure kamar mai laifi.
Muna wuce duwatsun mashiga ya kashe inji.
Shiru.
Sai aka ja zanen sama.
Iska ta shige shi ba sallama,
ya kumbura, jigo ya yi ƙara,
jirgi ya kishingiɗa gefe guda ya kama gudu.
Ni ban ga teku ba a lokacin,
ɗinkina nake kallo.

Sai da hantsi na sauke ido.
Dama, gaɓa ce da jerin kwakwa
ƙanana kamar haƙoran mataji.
Hagu, ruwa har inda Allah ya so.
Cikina ya juya,
na mayar wa teku kokon da na sha.
Likita ya miƙo citta, ya ce kalli nesa,
ya ɗora hannuna kan sandar tuƙi.
Tana da rai, Barau.
Tana ja kamar akuyar da ta hango dusa,
in ka matsa mata ta ƙi, in ka lallaɓa ta bi.

Azahar na yi ta a zaune.
Na kabbarta alƙibla na gabana,
na sallame ta koma bayan kunnena.
Masunta a kwalekwale suka ɗaga mana kifi,
mu ba mu da abin ɗagawa sai hannu.

A hanyar dawowa hadari ya haɗo.
Muka naɗe rabin zane,
ruwan gishiri na marin fuska,
likita ya daina fito da baki.
Na ƙirga zarena ɗaya bayan ɗaya.
Bai saki ba.
Mun shigo gari fitilu na rawa a kan ruwa.

Sau ɗaya ke nan, ban sake ba.
Na dawo Zariya da kekena a bayan mota.
Amma har yau, in iskar damina ta cika rumfata a Samaru,
maƙwabta na gudun kwashe kaya,
ni sai in ware ƙafa in tsaya,
ƙasa na karkata a ƙarƙashina.

Jirgin Barau ya maƙale a ciyawa.
Na ce kawo tsinke.
Na laluba aljihu, tela ba ya rasa ƙyalle.