Haƙorin da Bai San Dutse Ba

A Seiffen, can kan duwatsun Jamus,
dusa iri biyu ke zuba a watan Janairu:
ta ƙanƙara a kan rufi,
ta katako a kan takalman kakana Gotthard.
Bana ta farkon ce kaɗai ta zuba.

Shekara hamsin da shida yana juya itace.
Inji bai gaji ba, ido bai gaji ba,
hannu ne ya soma rawar da ba a yi masa kiɗa ba.
In ya kai kurfi bakin dutsen washi
sai kaifin ya fito a karkace.
Ya rataye su goma sha ɗaya a bango,
ya ja ƙofa, ya ce ƙugunsa ke ciwo.

Ni Henrike, mai gyaran injina a Chemnitz,
na zo ran Asabar da abu a aljihu:
ɗan haƙorin kabaid, bai kai farcen babban yatsa ba,
baki huɗu, rami a tsakiya,
da sandar ƙarfe, kamu ɗaya.

Na matse ta a teburi, na ɗauki magagari,
na ci mata gurbi a goshi
inda haƙori zai zauna ba motsi.
Na auna, na ɗiga, na huda.
Wurin yanka tiredi na yi gaggawa,
ƙarfen ya ce ƙas! ya karye a ciki.

Daga ƙofar da na zaci a rufe take:
"Rabin juyi gaba, kwata baya.
Kuma ina mai? A bushe ake aiki a Chemnitz?"
Ban waiwaya ba.
Na datse bakin, na koma farko,
sanda ta ragu da yatsa biyu,
na ɗiga mai, na ƙirga da ƙarfi don ya ji.

Ƙota kuwa reshen tuffa ne
da iska ta kayar bara a bayan gida.
Na sa mata zobe da guntun bututun tagulla
wanda ya yi shekaru yana kai ruwa kicin.
Na ɗaure noti. Haƙori ya zauna daram.

Ya karɓa, ya juya, ya shinshina.
"Wannan ba yanka yake ba, kankara yake.
Ƙarfen da bai san dutse ba
ina zai koyi ladabi?"
Na ce in baki ya dakushe, a kwance noti,
a juyo ɗan'uwansa, shi ke nan.
Ya ce, "Haka ake sauya magana ma."
Ya ajiye shi kusa da tsintsiya.

Wajen ƙarfe biyun dare
katakon ƙasan ɗakina ya soma makyarkyata.
Na san wannan gurnani tun ina rarrafe.
Na ja bargo. Ban sauka ba.

Da safe ga ɗan akushi kusa da burodi,
cikinsa da zane-zane, bai kai na da santsi ba,
gefe guda ya ɗan fi kauri.
Dusa a girarsa, dusa a cikin kofi.
Ya ce, "Ƙotar ta yi kauri,
an ga aikin mai gyaran inji.
Asabar mai zuwa ki zo da mai zagaye,
wannan ba ya shiga lungu."